Takardar sallamar Babanmu ta ce bai taɓa fita waje ba, alhali ya yi Laberiya da Saliyo. Ina ake gyarawa?

'Yar Saja (Hayin Banki)

Assalamu alaikum. Don Allah iyayenmu 'yan mazan jiya da ke wannan zaure, da duk wanda ya taɓa bin irin wannan hanya, ku taimaka min da shawara.

Babanmu ya shiga soja a 1979, a daffon Zariya ya yi kurtu, lambarsa da 79NA ta fara. Ya ajiye kaki a 2001 yana saja. Cikin shekara 22 ɗin nan sau biyu aka kai shi waje a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma: Laberiya daga tsakiyar 1992 zuwa 1993, sai Saliyo daga 1998 zuwa 1999. Ni ganau ce. Ina 'yar shekara bakwai aka yi tafiyar farko, ina tune da yadda matan layinmu a bariki suke taruwa ƙofar ɗakin Innarmu da yamma, kowa ta kasa kunne a rediyo ko za a ambaci Monrobiya. Ina tune da ranar da ya dawo yana ɗingishi. Har yau akwai ɓarɓashin ƙarfe a cinyarsa ta hagu, in hunturu ya shigo ƙafar ba ta tanƙwasuwa, a zaune yake salla.

To amma takardar sallamarsa ba ta san da wannan ba. Gurbin aikin ƙasar waje, NIL aka buga, wato babu. Gurbin lambobin yabo kuma an bar shi fayau. Ga lambobin nan guda biyu a gida, naɗe cikin wani tsohon hankici.

Shi Baba bokonsa bai yi nisa ba. Da aka miƙa masa takardar, sunansa da lambarsa da muƙaminsa kawai ya duba, ya ga daidai, ya ninke ya sa a akwati. Fansho na shigowa, duk lokacin da aka kira tantancewa yana wucewa lafiya, shi ya sa shekara ashirin da ɗoriya babu wanda ya waiwaye ta.

Ranar 15 ga Janairun da ya wuce ce ta tono maganar, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ba ya fashin zuwa fareti, tun daren ranar yake zama ya goge lambobin da toka da lemon tsami. Bana bayan an tashi suna zaune ana hira, sai wani da ba su san juna ba ya tambaye shi a wace bataliya ya yi Laberiya. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, magana takan maƙale masa, lambar bataliyar ta ɓace masa a take. Mutumin nan ya ce, a gaban jama'a, ai yanzu lambar yabo ko a kasuwa kana samu. Da ya dawo gida ya sa babban ɗana, ɗan aji biyu a sakandare, ya ɗauko takardar ya karanta masa don ransa ya yi sanyi. Yaro ya karanta abin da ya gani, ya ce, "Kaka, nan fa cewa aka yi ba ka je ko'ina ba."

Tun ranar bai ƙara ba jikokinsa labarin Laberiya ba. Da kuwa kusan kullum bayan isha'i sai ya tara su a tabarma.

Na je wani ofishi sau biyu. Zuwan farko aka ce mai kula da wannan ba ya nan, na biyu aka ce tunda fansho na shiga me kuma muke nema. Ni malamar firamare ce, ba ni da kowa a sama. Wa ake rubuta wa? Wace irin shaida ake karɓa bayan shekara talatin? Kuma taɓa takardar nan ba zai jawo a tsayar masa da fansho ba? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ke hana Innarmu barci.

Tsohon Akawu (Mando)

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba mahaifinki lafiya. Shekara 31 na yi a soja, fiye da rabinsu a ofishin bataliya ina aikin akawu. Irin takardar da ke hannunku na buga ta da yatsun nan nawa ba adadi, don haka bari in nuna miki inda gizo yake saƙar.

A soja, abin da ba a buga a oda ba kamar bai faru ba ne. Akwai takardar da kowace bataliya take fitarwa, muna ce mata fat-tu-oda. Duk abin da ya sami soja a cikinta ake shelanta shi: an ƙara masa igiya, an cire, ya yi aure, an yi masa haihuwa, ya tafi kwas, ya kwanta asibiti, ya fita waje, ya dawo, an ba shi lamba. Kwafi yana zama a bataliya, wani a tura ofishin adana bayanan sojojin ƙasa da ke Lokoja, wanda muke kira Rakod, a shigar a fayil ɗin mutum. Ranar sallama mai cika takarda ba ya tambayar soja ina da ina ka je. Fayil yake buɗewa ya kwafe abin da ya tarar.

Lokacin ECOMOG komai da gaggawa ake yin sa. In an ce bataliya kaza za ta tafi kuma mutanenta ba su cika ba, sai a tsinto daga wasu barikoki, goma nan, ashirin can, a cike. Bataliyar da suka baro tana ganin wadda suka bi ita za ta buga su. Ita kuma tana can bakin daga, akawunta ma bindiga ce a hannunsa, tana ganin ai 'yan aro ne, gidansu zai buga. A nan sunan mutum yake faɗawa tsakani. Saboda haka ki tambaye shi: da bataliyarsa ta asali ya tafi, ko aron sa aka yi? In aro ne, kada ku ƙarar da ƙafa kuna neman sunansa a bataliyarsa ta gida. Jerin sunayen waɗanda suka tafi tare shi ne abin nema. Bataliyoyinmu da suka je can ana kiran su NIBATT da lamba. Kun samo lambar, kun ci rabin aikin.

Batun wa za a rubuta wa. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja kuɗi take biya, ba ita ke riƙe da tarihin aikin soja ba. Lokoja takardarku za ta nufa, zuwa ga kwamandan Rakod. Kuma da sunan Baba za ta fita, shi zai sa hannu ko ya dangwala, ke alƙalami kawai za ki riƙe masa. Soja ba ya tsallake tsani ko ya yi ritaya. Ku fara kai ta ofishin Nigerian Legion (ƙungiyar tsofaffin sojoji) na jiha su ɗora tasu wasiƙar a kai, sannan ku nemi sashen mulki a hedikwatar Runduna ta 1, ga ta nan Kawo kusa da ku, su nuna muku hanyar da za ta bi. Shafi ɗaya ya isa. Lamba, muƙami, suna yadda yake a takardar sallama harafi da harafi, ranar shiga, ranar fita, bataliya ta ƙarshe, sai abin da aka tsallake da watanninsa, sai abin da yake roƙo. Kada ki zuba ɓacin ranki a ciki, kada ki zargi kowa. Wanda zai karanta ta yanzu wataƙila yana firamare lokacin da aka yi kuskuren.

Ina roƙonki da girman Allah kada asalin takardar sallamar ya bar hannunku don wani ya ce zai kai muku. Fotokwafi ake haɗawa, in hukuma na son na asali za ta nema a rubuce. Kuma duk inda kuka miƙa wasiƙa ku riƙe kwafi, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kai.

Ki ce wa Innarku ta kwantar da hankalinta. Fansho kan muƙami da shekarun aiki ake lissafa shi. Suna da ranar haihuwa da ranar shiga aiki su ne masu tayar da ƙura in an taɓa su, ku kuwa ba su kuke nema ba. Haka kuma kada ku sa rai gyaran zai ƙara masa ko kwabo. Raunin cinyar ne maganarsa daban. In akwai shaidar a bakin aiki ya same shi, wannan hurumin likitocin soja ne, a wasiƙa ta daban za a tayar da shi. Kada ku cakuɗa su.

'Yar Saja (Hayin Banki)

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Jiya bayan magariba na karanta wa Babanmu amsarka, yana ta gyaɗa kai. Ya ce a tafiyar Laberiya aron su aka yi, su goma sha ɗaya daga barikinsu. Saliyo kuwa da bataliyarsa ya tafi.

Yau da safe ni da Inna muka zazzage akwatin ƙarfen. Mun samu hotuna huɗu, a ɗaya yana tsaye da farar hular kwano, an rubuta "Freeport 1992" da biro a baya, sunan tashar jiragen ruwa ta Monrobiya ke nan. Akwai wasiƙu uku da wani abokinsa ya rubuta masa zuwa ga Inna, ta hannun masu dawowa suka zo, babu tambarin gidan waya. Akwai katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa, da hoton ƙashi da katin asibitin sojoji na 44 na bayan dawowarsa. Sai takardun kuɗin Laberiya na dala biyar iri biyu. Da ya gan su sai da ya yi murmushi, ya ce wannan JJ suke ce mata, ita ke ci a yankin madugun 'yan tawaye Charles Taylor, waccan kuma Liberty, ita ake karɓa a Monrobiya. Abin da ba mu gani ba ita ce takardar shaidar da ya ce an haɗo masa da lambar farko. Inna na zaton ta tafi a ambaliyar 2003, lokacin muna zaune Unguwar Rimi kusa da kogi.

Ɗan Rigasa

Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ma a bariki na tashi, kuma bayan rasuwar mahaifina na yi wata goma sha huɗu ina bin takarda. Ni da za ki ji tawa, da an bar tsohon nan ya huta. Allah ya san ya je, ku kun san ya je. Kada a ja mai hawan jini ana hawa da sauka da shi a benayen ofis saboda maganar wani marar tarbiyya.

In kuma kin ƙudura, to ki yi hattara da masu shawagi a bakin ofisoshi suna cewa suna da wani a ciki. Wani ya karɓe min naira dubu 60 a kan zai fito min da fayil cikin mako biyu, daga ranar lambarsa a kashe take.

Abu ɗaya da nake so ki duba tun Baba na da rai: in tafiya biyu ta ɓace daga fayil ɗinsa, wa ya san me kuma ya ɓace? Mu auren mahaifinmu na biyu ne ba a taɓa shigarwa ba, ƙannena huɗu babu su a takarda. Ki tabbatar sunan Inna da na magajin da ya rubuta suna nan daidai. Wannan ya fi lamba amfani ranar da ba ma fata.

'Yar Saja (Hayin Banki)

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haɗa kanku. Batun magaji ban taɓa kawo shi a raina ba, zan duba, na gode ƙwarai. Amma barin maganar ba zai yiwu ba. Ba don mutumin nan nake yi ba, ko fuskarsa Baba ba zai gane ba yanzu. Don yaron da ya karanta takardar nake yi, da kakansa da ya daina kallon sa ido cikin ido. Ba zan ja shi ofis ba, ni zan yi zirga-zirgar.

Mazan Jiya (Unguwar Shanu)

'Yata, ki gaishe min da ɗan'uwana. Duk wanda ya san bambancin JJ da Liberty ya taka ƙasar Laberiya. Ina can a watan Oktoban 1992. Ranar 15 ga wata tun kafin asuba 'yan Taylor suka afka wa Monrobiya ta kowace kusurwa, abin da suka sa wa suna Octopus. Janar Olurin ne kwamandanmu, bai daɗe da karɓa ba. Ta wajen Caldwell da Gardnersville suka ɓullo, ta cikin fadama, yara ƙanana a gaba. Mun binne mutane, mun ɗauki wasu a kafaɗa. In a lokacin ya samu raunin nan, to mun kwana ƙarƙashin ruwan wuta ɗaya. Wanda ya gaya masa waccan magana bai san abin da ya taɓa ba, Allah ya shirye shi.

Ki daina tambayar sa lambar bataliya. Mai irin ciwonsa in ka matsa masa kan lamba sai ta ƙara gudu. Ki zauna da shi da shayi, ki tambaye shi ta ina suka tashi, jirgin ruwa daga Apapa ko jirgin sama daga Ikeja. Wa ya yi musu kwamanda, me suke kiran sa a ɓoye. Wane shinge ya tsare, gada ce ko tashar ruwa. Ya kai Robertsfield da gonar roba ta Firestone a farkon 1993, ko ya wuce har Buchanan? Ki rubuta duk abin da ya fito ko bai haɗu ba, ki kawo nan. Mu da muka rage, daga sunan kwamanda da wurin da aka ajiye mutum za mu gaya miki bataliyarsa. In Allah ya sa aka samu biyu da suka yi kamfani ɗaya da shi, wato rukuni ɗaya cikin bataliya, su je kotu su yi takardar rantsuwa, da lambarsu da muƙaminsu. Ita kaɗai ba ta gyara fayil, amma tana nuna wa mai bincike shekarar da zai buɗe.

Sai gargaɗi kan Saliyo. Mun kori sojojin Johnny Paul Koroma da suka yi juyin mulki daga Firitawun a Fabrairun 1998, Shugaba Tejan Kabbah ya dawo a Maris, 'yan tawaye suka sake kutsowa ranar 6 ga Janairun 1999. Wannan duk aikin ECOMOG ne. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, UNAMSIL, sai a Oktoban 1999 aka kafa ta, kuma lambarta ta waɗanda suka sa shuɗiyar hula ce suka cika kwana 90 a ƙarƙashinta. In Baba ya dawo kafin nan, kada wani ya ruɗe ku ku rubuta ta a wasiƙa wai don a cike. Abu ɗaya da ba nasa ba in ya shiga, sai a yi shakkar sauran. Ki ɗauki hoton lambobin nan biyu gaba da baya, da ƙyallen da suke rataye, ki turo in gani.

Ɗan Tudun Wada a Texas

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni a sojan Amurka na yi shekara takwas, kuma irin wannan ta same ni, an tsallake min wata tara da na yi a Iraƙi. A nan takardar sallama DD-214 ake ce mata. In da kuskure sai ka cike fom DD-149 ka tura wa kwamitin gyaran bayanan soja na rundunarka, su ba ka DD-215 mai ɗauke da gyaran ko su sake fitar da sabuwa. Doka ta ce cikin shekara uku daga ranar da ka gano kuskuren, amma kwamitin na da ikon ɗaga ƙafa. Na san tsarin gida daban ne, ba cewa nake ki bi nasu ba.

Abin da ya sa na sa baki: a watan Yulin 1973 gobara ta cinye fayilolin sojoji tsakanin miliyan 16 zuwa 18 a ma'ajiyarsu ta St. Louis. Har yau in tsoho ya zo fayil ɗinsa na cikin waɗanda suka ƙone, takardun biyan albashi da rahoton safiya na kamfani da rajistar asibiti suke bi su sake haɗa tarihinsa. Nawa ma takardar albashi ce ta fitar da ni, don an biya ni alawus ɗin filin daga a watannin. Ki tambayi Baba ko an biya su alawus a can, kuma ko sun sa hannu.

Tsohon Akawu (Mando)

Wannan yaron ya kawo magana. An biya alawus da dala, kuma babu mai karɓa sai ya sa hannu gaban sunansa da lambarsa. Ɗan aro da ɗan gida duk suna kan takardar biya ɗaya. 'Yata, ki ƙara layi a wasiƙar yana roƙon a duba jerin biyan alawus na bataliyar. Ta Saliyo za ta fi sauƙi tunda da gidansa ya tafi, odar bataliyar ta shekarar za ta nuna fitarsu da dawowarsu gaba ɗaya. Katin asibitin 44 ɗin nan kuma ki yi masa fotokwafi uku, ki sa asalin a leda.

'Yar Saja (Hayin Banki)

Iyayena, Allah ya biya ku. Baba Mazan Jiya, na bi yadda ka ce. Daren jiya na haɗa masa shayi ban ambaci lamba ba, na ce ya ba ni labarin jirgin. Ya ce na ruwa ne daga Apapa, ya yi ta amai har suka isa. Daga nan magana ta ɓalle. Ya faɗi laƙabin kwamandansu, ya faɗi gadar da suka tsare, ya ce a can ƙarfen ya same shi mako guda bayan an fara harin, aka yi masa ɗinki a Monrobiya ya koma bakin aiki. Ɗana yana bakin ƙofa da littafinsa, ban kira shi ba, shi ya matso da kansa ya karɓi biron yana rubutawa. Na tura maka laƙabin da hotunan lambobin ta saƙon sirri. Saliyo ya ce da damina ya dawo a 1999, bai taɓa sa shuɗiyar hula ba, don haka ba za mu ambace ta ba.

Na rubuta wasiƙar, shafi ɗaya. Na kawo masa tawada ya dangwala ya ƙi, ya ce da biro ya sa hannu ranar da ya shiga. Tun safe yake gwadawa da hannun hagu a bayan wata tsohuwar kalanda. Ranar Litinin in na tashi daga makaranta zan kai ofishin Legion in sha Allah.

Baba Tsohon Akawu, Laberiya da Saliyo a sakin layi ɗaya zan sa su, ko in raba kowace da nata? Kuma in jira a samo lambar NIBATT ɗin tukuna, ko in kai haka?